Kwana shida ina lebura a shekarar 1253

Ranar da na fara jin abokan karatuna a Dijon suna maganar "shato", dariya ce ta kama ni, don mu a Damagaram in aka ce shato, tankin ruwan famfo ake nufi, wannan da ke tsaye kan dogayen ƙafafu. Su kuwa gidan sarauta suke nufi, irin na da, mai ganuwar dutse da hasumiyoyi da gwalalo kewaye da shi. Faransa cike take da irinsu, wasu sun zama kufai, wasu an mai da su gidan kallo. Amma akwai guda ɗaya da har yau ba a gama gina shi ba, kuma a cikinsa na yi kwana shida ina lebura a watan Yunin 2022.

Sunan wurin Guédelon, ana furta shi Gedelon. Yana cikin daji a yankin Puisaye, kusa da ƙauyen Treigny a lardin Yonne. Wani mutum mai suna Michel Guyot, wanda ya sayi tsohon gidan sarautar Saint-Fargeau da ke nan kusa, shi ne ya kawo shawarar. An yi bincike a gidan nasa, aka gano cewa a cikin bangon jan bulo da kowa ke gani akwai wata tsohuwar ganuwar dutse a ɓoye, wadda ta girmi bulon da ɗaruruwan shekaru. Daga nan tambaya ta taso: yaya mutanen da suka yi wannan aiki? Takardu ba su faɗi komai da komai ba, kufai kuma ba ya magana. Sai aka ce to a gwada ginawa a gani. Aka aza harsashi a 1997 a wata tsohuwar mahaƙar dutse, inda akwai dutse da yashi da yumɓu da itace da ruwa duk a wuri ɗaya. Jacques Moulin, masanin gyaran tsofaffin gine-gine, shi ya zana fasalin, bisa tsarin da sarki Philippe Auguste ya yaɗa a zamaninsa, daga 1180 zuwa 1223: ganuwa mai kusurwoyi, hasumiya kewayayya a kowace kusurwa, guda ɗaya ta fi sauran girma, ƙofa kuma tsakanin hasumiyoyi biyu. Suka ɗauka cewa shekarar farawa ita ce 1228, lokacin da Louis na Tara yake yaro a kan gadon sarauta, har suka ƙirƙiro wa gidan maigida, wani ƙaramin basarake da suka raɗa wa Guilbert, don kada a gina abin da ya fi ƙarfin aljihun mai irin matsayinsa. Da wannan lissafi, shekarar da na je 1253 ce a wurinsu.

Abin da ya ja ni ba wani abu ba ne illa Kawu. Magini ne a unguwar Birni, kuma tun ina ɗan shekara goma nake taka masa ƙasa, ina cura tubali, ina jefa masa yana caɓewa daga saman katanga. Yanzu ga ni ina karatun injiniyan gini, kullum siminti da rodi da lissafi a kwamfuta, hannuna ya yi laushi kamar na mai sayar da turare. Suna karɓar 'yan sa-kai na 'yan kwanaki, sharaɗin babba shi ne ka iya Faransanci, wannan kuwa ba ta dame ni ba. Na cike takarda, na rubuta dalilina, na jira, aka ba ni rana. Jirgin ƙasa ya kai ni Auxerre, wani abokina ya ƙarasa da ni a mota, ya bar mini tanti da keke.

Da safe, kafin a buɗe wa 'yan kallo, abin da ya fara shiga kunnena shi ne babu ƙarar inji ko ɗaya. Sai ƙwal-ƙwal na masu sassaƙar dutse, da bugun maƙera, da kofaton doki yana jan amalanke. Aka ba ni riga mai kauri da igiya ta ɗamara. Amma takalmin ƙafata na zamani ne mai ƙarfe a baki, akwai tabarau na kare ido, akwai hular kwano a inda ake ɗaga kaya sama. Wanda ya karɓe mu ya ce dokar ma'aikata ta Faransa ba ta san da 1253 ba, kuma su ma ba su zo nan don gwada yadda ake mutuwa a zamanin da ba.

Mahaƙar dutse aka fara kai ni. Dutsen wurin ja ne mai tsatsa, saboda ƙarfen da ke cikinsa, yana tuna mini da marmara ta wajenmu. Masu fasa shi sun raba shi uku, kuma sunayen daga ƙarar da yake yi suka fito in an buga masa guduma: pif, paf, puf. Pif shi ne mai tauri, yana ƙara siririya kamar an buga tasa, shi ake kai wa masu sassaƙa. Paf matsakaici, da shi ake yawancin fuskar bango. Puf kuwa ruɓaɓɓe ne, yana marmashewa, sai ciko. Dattijon da aka haɗa ni da shi ba mai yawan magana ba ne. Ya zagaya wani ƙaton dutse yana shafa shi da tafin hannu, yana bin jijiyarsa da ido, sannan ya nuna mini inda zan huda ramuka a jere. Awa biyu na yi ina huda uku. Aka sa ƙarafan tsaga a ciki, ya ce in riƙa bugunsu ɗaya bayan ɗaya, kada in fifita wani. Ni da ƙuruciya na ɗaga guduma zan nuna ƙarfi, ya riƙe mini hannu.

"Saurara tukuna," ya ce.

Na buga a hankali, na sake bugawa. Can sai ƙarar ta sauya, ta koma dum-dum kamar tulun da ya tsage. Ya ce in dakata. Muka tsaya shiru, sai ga wani siririn layi yana tafiya da kansa daga rami zuwa rami, dutsen ya buɗe gida biyu kamar an fasa goro. Da yamma na kai ƙarafan maƙera, don wannan dutse cin baki yake yi, kullum sai an sake wasa kayan aiki a wuta. In maƙeri ya yi fashin kwana biyu, aikin gaba ɗaya tsayawa zai yi. A littattafan tarihin da na karanta ana yawan ambaton sarki da mai zanen gini, ban taɓa ganin an ba maƙeri shafi guda ba.

Kwana na biyu da na uku a wurin kwaɓa na yi su, kuma nan ne na ji kamar na koma gida. Abu uku ne kawai: yashi, ruwa, da farar ƙasa wadda ake samu in an toya farin dutse a wuta mai tsanani sannan aka jiƙa shi. Da kwando ake awo, da doguwar fartanya ake juyawa, ana ja ana turawa har sai ya kama jikinsa. Matar da ke shugabantar wurin ta ɗebo da cokalin gini ta kifa shi, kwaɓin ya ɗan manne kafin ya faɗi, ta ce haka ake so. Na farko da na yi ruwa ya yi masa yawa, ta dube shi ta ce wannan miya ce, in ƙara yashi. Ta gaya mini cewa ba da ka suka samo haɗin ba, sai da aka ɗebo tsohon kwaɓi daga gine-ginen yankin na wancan zamani aka auna abin da ke ciki, sannan aka yi ta gwaji da yashin wurin.

A makaranta an koya mana cewa kankare yana kai ƙarfinsa a kwana 28. Wannan kwaɓi kuwa ba ruwansa da gaggawa. Iska yake sha a hankali, yana jan iskar kabon daga cikinta, yana komawa dutse kamar yadda ya fito. Na bakin bango yana bushewa cikin 'yan kwanaki, amma na tsakiyar katanga mai kaurin mita biyu ko uku, inda iska ba ta kaiwa sosai, yana iya ɗaukar shekaru masu yawan gaske bai gama ƙanƙamewa ba. Da farko na ɗauka aibi ne. Daga baya na gane amfaninsa: in ƙasa ta ɗan motsa, ko nauyi ya ƙaru a sama, bangon yana ɗan bayarwa ya zauna, ba ya tsagewa kamar na siminti. Illarsa sanyi. In ƙanƙara ta kama ɗanyen kwaɓi ta lalata shi, shi ya sa ba a gini da hunturu. Kafin su rufe a farkon Nuwamba sai su lulluɓe kan bangon da ciyawa da taki, su bar shi sai bazararsu ta dawo. Na ce mata mu ruwan sama ne ke tsai da mu, da rani muke gini. Ta ce ashe kowa da abin da ke korarsa daga kan bango.

Wani abu da ya ba ni sha'awa shi ne awo. Ba mita, ba santimita. Akwai sanda mai alamomin yatsa da tafi da taƙi da ƙafa da kamu, kuma tun da kamun wani ya fi na wani, sandar shugaban magina ita ce hukunci, kowa daga jikinta yake kwafa. Akwai kuma igiya mai ƙulli 13, wato tazara 12 daidai wa daida. In mutum uku suka ja ta, gefe ɗaya tazara 3, ɗaya 4, ɗaya 5, sai ga kusurwa madaidaiciya ta fito. Lissafin da muka haddace a aji ne, amma ban taɓa riƙe shi a hannu ba sai ran nan.

Rana ta huɗu aka hau da ni kan bango, kuma a nan na sha kunya.

Katangar irin wannan gida ba dutse ne zalla jere ba. Fuska biyu ce, ta waje da ta ciki, ana gina su da duwatsu masu kyan gaba, tsakaninsu kuma a cika da ƙananan duwatsu da kwaɓi, ana dannawa. Jefi-jefi sai a sa wani dogon dutse a kwance, kansa a fuska, wutsiyarsa a cikin cikon, don ya ɗaure su kada fuskar ta ɓalle. Maginin da nake yi wa hidima ya bar ni in aza 'yan duwatsu a fuskar ciki, ya tafi duba wani abu. Na zaɓo masu kyau, na jera, na aza wasu a kai, na ja baya ina kallon aikina ina jin daɗi. Da ya dawo bai ce komai ba, sai ya sa bakin cokalinsa a tsakanin duwatsu biyu na sama, ya ja shi ƙasa. Cokalin ya bi layi ɗaya miƙe har sahu uku. Gaɓoɓin sun hau kan juna, babu dutsen da ya haye ya rufe na ƙasansa.

"Saran takobi," ya ce. Haka suke kiransa. "Nan ruwa zai bi, nan zai tsage. Sauke."

Abin haushin, na san wannan. Kawu ya sha faɗa mini cewa tubali ba ya zama kan ɗan'uwansa, tsakanin biyu yake zama. Kyan duwatsun ne ya ɗauke mini hankali. Ga 'yan makaranta sun taru a ƙasa suna kallo, malamarsu tana yi musu bayani, ni kuma ina kwance abin da na gina ina kankare kwaɓi.

Da muka zauna cin abinci, shi wannan magini ya ce kada in damu, kuskuren nawa shi ne abin da masu binciken tsofaffin gine-gine suka fi so su gani. Magini na ƙwarai ba ya barin irin wannan layi da gangan. Saboda haka in ka ga saran takobi dogo a tsohon bango, daga sama har ƙasa, to ba ragon lebura ba ne, alama ce cewa nan bango ya ƙare a da, wani ya zo daga baya ya jingina sabo a jikinsa. Daga yadda ɗaya ya jingina da ɗaya kake gane wanda ya riga. Ya ɗauke ni muka zagaya gindin hasumiya yana nuna mini sauran. Kowane ɗan tsayi akwai sahu na siraran duwatsu da aka shimfiɗa don a daidaita bangon ya koma bai ɗaya, in ka ƙirga su kana ganin yadda aikin ya riƙa hawa. Akwai inda launin kwaɓi ya sauya, nan aka tsaya wata shekara aka ci gaba a wata. A jikin sassaƙaƙƙun duwatsu akwai 'yan alamomi, wani kibiya, wani kamar ƙafar kaza, kowane masassaƙi da tasa. A da ta haka ake ƙirga aikin mutum a biya shi, yau kuma ta haka masu bincike ke gane cewa ayarin ma'aikata ɗaya ne ya yi wannan ɓangare da wancan.

Sai ramukan. Duk wanda ya taɓa ganin hoton tsohon gidan sarauta na Turai ya ga ƙananan ramuka masu kusurwa huɗu a jikin bango, jere-jere. Ni da na ɗauka na tattabaru ne, wani abokina ya ce na harbi ne. Ashe gurbin itace ne. Magina ba sa kafa dandamalinsu tun daga ƙasa har sama, itacen da za a ci ya yi yawa. Suna gini suna barin rami, su zura gungume a ciki, su shimfiɗa katako a kai su tsaya, in sun hau gaba su zare su mayar sama. A wasu hasumiyoyin na wancan zamani ramukan karkace suke hawa suna zagaya ginin, alamar cewa gangara aka yi wadda ake bi da kaya. Da hannuna na taya zare wani gungume daga raminsa, na leƙa ciki, har sawun ɓawon itacen ya fito a jikin kwaɓin.

Ranar ta biyar aka sa ni cikin abin da suke kira kejin kurege. Wata ƙatuwar ƙafa ce ta katako, kewayayya kamar ta amalanke, ta fi mutum tsayi, kana shiga ciki kana tafiya, tana juyawa tana naɗe igiya, igiyar tana ɗaga kaya zuwa kan bango. Mutum ɗaya yana ɗaga abin da ƙarti biyar ba za su ɗauka ba. Wahalarsa ba a ƙafa take ba, a kai take: ba ka ganin kayan, muryar mai ba da umarni kawai kake bi, in ya ce tsaya ka tsaya cak, ga mai birki a gefe. Ba a sami irin wannan keke na wancan ƙarni a tsaye ba balle a kwafa, daga zane-zanen tsofaffin littattafai da waɗanda suka saura na baya-baya aka haɗo shi, sauran kuma gwaji ya koyar. Haka injin niƙansu na ruwa, wanda suka gina tare da hukumar binciken kayan tarihi ta Inrap, bisa ragowar wani na ƙarni na 12 da aka tono a Thervay. Masu tonon sun sami guntayen katako, amma sai da aka harhaɗa sabo aka sakar masa ruwa sannan aka ga yadda guntayen ke aiki tare.

Kafintocin ban yi aiki da su ba, kallo kawai na yi. Ɗanyen gungume suke sassaƙewa da gatari, suna bin jijiyar itacen, ba zarto. Da cocin Notre-Dame ta Faris ta ƙone ranar 15 ga Afrilun 2019, aka rasa rufinta na katako na ƙarni na 13, irin wannan sani da wasu ke ɗauka wasan yara ne a daji shi aka koma nema.

Gaskiya akwai abin da ban so ba. Wurin yana karɓar 'yan kallo kusan 300,000 a shekara, kuma kuɗin shigarsu ne ke biyan ma'aikata, saboda haka rabin aikin magini amsa tambaya ne. Tambaya ɗaya, sau hamsin a yini: yaushe za ku gama? Wani lokaci sai ka ji kamar kai ma kayan kallo ne. Ni da nake baƙin mutum ɗaya a kan bangon, kyamarori sun fi yawa a kaina, har wani dattijo ya tambaye ni cikin raha ko akwai irina a 1253. Na ce masa a 1253 Kano ta riga ta yi ganuwa, ya je ya tambayi maginanta. Ga kuma ranar Yuni mai tsawo, magariba sai wajen goma saura, kafin in yi isha'i idona ya rufe, asuba kuma ta riga ta matso.

Ranar ƙarshe da rana na hau keke na tafi Saint-Fargeau, inda maganar ta samo asali. Tarihinsa hawa-hawa ne. Wajen shekarar 980 wani bishop na Auxerre mai suna Héribert ya kafa masaukin farauta a wurin. Daga baya aka yi ganuwar dutse. A ƙarni na 15 Antoine de Chabannes ya lulluɓe ta da jan bulo, ya yi ƙattin hasumiyoyi masu kauri, don zamanin igwa ya zo, siririn bango mai tsayi ba ya jure harsashinta. A 1652 aka kore 'yar ƙanin mahaifin sarki Louis na Sha Huɗu, wadda ake kira Grande Mademoiselle, daga Faris, ta zo ta zauna nan, ta sa mai zanen gini Le Vau ya sake fuskokin tsakar gidan da manyan tagogi. Lokacin ba a tsoron mahara kuma, haske ake so da iska da inda baƙi za su yaba. Da a ce mako ɗaya kafin nan na zo, hoto zan ɗauka in wuce. Ran nan kuwa awa uku na yi, mai gadi yana ta kallona, ina bin bango da hannu ina neman inda bulo ya sauya girma, inda aka toshe tsohuwar kafa, inda sabo ya jingina da tsoho.

Da dare na kira Kawu ta WhatsApp, na tura masa hotuna. Ya daɗe yana kallon na ramukan nan, ya ce ai wannan gurbin itace ne, ko makaho ya shafa ya sani. Na ce ni dai sai da aka gaya mini. Ya ce wannan kuma laifin boko ne. Na ba shi labarin saran takobi, ya yi salati ya ce in rufa masa asiri kada in faɗa wa kowa a hannunsa na koyi aiki.

"To yanzu shekara nawa suna ginin?"

"Ashirin da biyar, Kawu."

"Ba su gama ba? Maigidan bai kore su ba?"

Na ce maigidan ƙirƙiro shi aka yi, babu shi. Ya yi shiru. Sannan ya tambayi wa ke biyan leburori, na ce mutanen da ke zuwa kallo, kowa da tikitinsa.

"Kallon me?"

"Kallon kwaɓa, Kawu. Da fasa dutse."

Na ji yana kiran Inna daga ɗaki, yana cewa ta zo ta ji, shekara arba'in yana kwaɓa a bakin titi kyauta, ko sannu ba kowa ke ce masa ba.